A bar yarinya ta ɓata kwamfutar

Kwanaki an gayyace ni bikin rufe wani horo da wata ƙungiya ta shirya wa 'yan mata, wai koyon fasahar zamani, sati biyu cur. Ba zan kama suna ba dan ba su kaɗai ke yi ba, kuma in gaskiya za'a bi niyyarsu mai kyau ce. An jera yaran cikin riga iri ɗaya, kowacce da laftop a gabanta, mai hoto na ta kai da kawo yana cewa ku kalli sikirin ku yi murmushi, manyan baƙi suka yi ta jawabi akan yadda za'a cike giɓin dake tsakanin maza da mata a harkar fasaha, aka raba satifiket, aka tafa. Ni kuma na laɓe can baya dan bana son hoto, shi yasa naga abin da kyamara bata ɗauka ba, ana gama tafi ma'aikata suka bi layi suna rufe laftop ɗin ɗaya bayan ɗaya suna mayarwa kwali. Na tambayi wata yarinya da naga tafi kowa rawar kai, nace to gobe akan me zaki cigaba da gwada abin da kika koya? Ta kalle ni kamar na yi mata wani yare, tace ai an gama anti, sai in an sake kiran wani.

Tun ranar maganar nan take cina. Ni malamar kwamfuta ce, shekaruna da dama ina koyar da yara maza da mata, kuma abin da na gani da idona shine ba'a koyon wannan abu a sati biyu, ba'a ma koyonsa a aji kaɗai. Duk wanda kika ga ya iya, ki bincika zaki samu ya yi awanni ɗaruruwa shi kaɗai da na'ura babu mai tsaye a kansa, ya danna abin da bai kamata ba, ya goge abin da bai kamata ba, ta mutu masa ya kwana yana neman yadda zai tashe ta kafin mai ita ya gani. Waɗannan awannin sune ilimin. Kuma su ne ba'a ba 'ya mace.

Kafin wani ya zo min da zancen nan na wai ai mata dama kansu bai ɗaukar lissafi da na'ura, bari mu ɗan koma baya. A 1843 wata mata 'yar Ingila, Ada Lovelace, ta rubuta matakan da injin lissafin Charles Babbage zai bi ya warware wani lissafi, injin da ko gama ƙera shi ba'a yi ba. A Amurka kuma da aka haɗa ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko masu aiki da lantarki, wadda ta cika ɗaki guda, mata shida aka ba aikin tsara mata abin da zata yi, babu littafin koyarwa babu komai, zanen wayoyin injin suka zauna suka karanta har suka gane kansa. Da aka zo nuna wa duniya ita a 1946 maza aka gabatar, su kuwa ko sunansu ba'a kira ba, sai bayan shekaru masu yawa aka tono labarinsu. Grace Hopper ce ta jagoranci haɗa manhajar dake fassara rubutun mutum zuwa yaren na'ura a farkon shekarun 1950. Margaret Hamilton ce ta shugabanci waɗanda suka rubuta manhajar kumbon Apollo da ya sauke mutum a duniyar wata a 1969. A lokacin ana ganin ƙera ƙarfen shine aikin maza, rubuta umarnin kuma aikin sakatariya ne, a ba mata. Da aka farga cewa a rubutun nan kuɗi da girma suke, sai labari ya sha bamban.

Akwai wata ma da labarinta ke bani dariya da haushi lokaci guda, Stephanie Shirley, ta buɗe kamfanin rubuta manhaja a Ingila a 1962, tana ta aika wa kamfanoni wasiƙa shiru babu amsa, sai ta koma sa hannu da sunan namiji, Steve. Nan take aka fara kiranta. Ma'aikatanta kuma kusan duk mata ne masu aiki daga gida da yara a gefe.

Lissafin da ya fi tsaya min a rai shine wannan. A 1984, cikin duk ɗari da suka gama digirin kimiyyar kwamfuta a Amurka, wajen 37 mata ne. Daga nan abin ya fara gangarowa har ya faɗo ƙasa da 20, a daidai shekarun da mata ke ƙara yawa a likitanci da lauyanci. To me ya faru, ƙwaƙwalwar mata ce ta ragu cikin shekara ashirin? Abin da ya faru shine kwamfuta ta shigo gida, aka dinga tallanta a matsayin kayan wasan yara maza. Jane Margolis da ta yi bincike a jami'ar Carnegie Mellon a shekarun 1990 ta tarar iyaye sun fi saya wa ɗa namiji, sau tari ma a ɗakinsa ake ajiye ta ko da 'yar uwar tasa tana so. Sai a haɗu a aji shekarar farko ta jami'a, shi ya riga ya yi shekara biyar yana ɓata na'ura yana gyarawa, ita yau ta fara, malami ya yi tambaya ya ɗaga hannu tun kafin a rufe baki, ita kuma ta koma ɗaki ta yanke wa kanta hukuncin cewa bata da kai. Alhali ba kai ya fi ta ba, riga ta ya yi.

Abin daɗin shine jami'ar bata tsaya jimami ba. Sun cire sharaɗin sai ka taɓa rubuta manhaja kafin a ɗauke ka, suka buɗe ƙofofin shiga daban daban gwargwadon inda kowa ya tsaya, daga kashi 7 cikin 100 a 1995 mata suka kai kashi 42 a 2000. Kwalejin Harvey Mudd ma kusan haka ta yi, ta raba ajin farko gida biyu, waɗanda suka taɓa da waɗanda basu taɓa ba, dan kar masu surutun sun iya su tsorata sabbin shiga, mata suka tashi daga wajen kashi 10 zuwa wajen 40 cikin 'yan shekaru. Babu wanda ya sauƙaƙa jarabawa. A Malesiya kuwa tun tuni mata sun kai kusan rabin ɗaliban kwamfuta a jami'o'i, dan su a wajensu aikin ofis ne mai tsafta da ya dace da mace, basu ma san wai na maza bane. Kenan abu ɗaya, wata ƙasa tace na maza ne wata tace na mata ne, sai a gane ba daga halitta yake ba.

To yanzu a dawo kan yarinyar da nake magana, wadda ko jami'ar bata kai ba. Rahoton UNICEF na 2023 ya ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kusan kashi 90 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 24 basa hawa intanet, na maza kuma kashi 78. Na san za'a ce ai mazan ma suna cikin wahala, eh wallahi suna ciki, 78 ba ƙaramin abu bane kuma ni bana cikin masu ganin sai an danne yaro namiji yarinya zata tashi. Amma a juya lissafin a gani, 22 ne ke hawa a maza, 10 a mata, ninki biyu har da ɗori. Ga kuma lokaci. UNICEF ɗin dai ta taɓa ƙiyasta cewa yara mata 'yan shekara 5 zuwa 14 suna kashe lokacin da ya fi na maza da kashi 40 cikin 100 a aikin gida, a duniya baki ɗaya. Awannin da nace sune ilimin, ga inda nata suke tafiya. Ko da akwai waya ko kwamfuta ɗaya a gidan, a lura da wa ake kira in ta samu matsala, da wa ake cewa kar ki taɓa zaki lalata. Yaro ya ɓata ace ai mai ƙiriniya ne zai yi kai, yarinya ta ɓata ace wa ya aike ki.

Ina gani a ajina kullum. Ka ba yaro namiji aiki ya rubuta ya danna, jan rubutun da ke nuna kuskure ya cika sikirin, ko a jikinsa, ya sake dannawa. Yarinya kuwa sai ta rubuta ta goge ta rubuta ta goge, in na zo wucewa in ga shafi fari fes, tace bata iya ba, in na danna maɓallin dawo da abin da aka goge sai in ga saura ƙiris ta gama, wata alama ɗaya ce ta manta. Ta gwammace in ga bata yi komai ba da in ga ta yi kuskure. Wannan ba daga ciki ta zo dashi ba, koya mata aka yi, shekara da shekaru ana yaba mata akan tsafta da nutsuwa da rashin ɓarna. Ita kuma wannan sana'a gaba ɗayanta kuskure ce da gyara, wanda ya fi kowa ƙwarewa ma rabin yininsa neman inda ya yi kuskure yake. In ba'a cire mata tsoron jan rubutun nan ba, ko satifiket goma aka bata tana nan inda take.

Sai kuma abin da ake koyarwar kansa, nan ne raina ya fi ɓaci. In aka ce horon fasaha na mata, je ki duba jadawalin, yadda ake buɗe imel, yadda ake taifin, yadda ake haɗa fosta, yadda ake tallan kaya a Instagram da WhatsApp. Ban raina ba fa, mata da yawa suna ci da kansu da wannan kuma duk abin da zai sa kuɗi a hannun mace ina bayansa. Amma leƙa na mazan, su ana koya musu rubuta manhaja, haɗa netwok, tsaron intanet, sarrafa bayanai, buɗe cikin na'ura a canza abin da ya ƙone. Wato ita an koya mata zama a mota, shi an koya masa buɗe bonet. In an gama a haɗa su a lissafi ɗaya ace an horar da mutum dubu kaza rabi mata, an cike giɓi. Wane giɓi? Shekara goma masu zuwa shi ne zai ƙera abin da ita zata dinga biya tana amfani dashi.

Kuma rashin mace a ɗakin da ake ƙera abin yana da farashi, ba zancen a ji daɗi bane kawai. A 2014 Apple ya fito da manhajar lafiya da ke bibiyar abubuwa birjik a jikin mutum, har da sinadaran da yawancinmu bamu taɓa jin sunansu ba, amma babu wajen lissafin al'adar mata, abin da ɗimbin mata a duniya ke lissafawa duk wata, sai a 2015 aka saka bayan an yi ta surutu. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada manhajojin gane fuska na manyan kamfanoni, akan farar fatar namiji kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba, akan baƙar mace ya kai kusan 35. A shekarar dai aka ji cewa Amazon ya watsar da wata manhajar tantance takardun masu neman aiki dan ta koyi rage wa takarda maki in ta ga alamar ta mace ce, saboda da takardun shekarun baya aka koyar da ita kuma yawancinsu na maza ne. Bana jin akwai wanda ya zauna ya ƙulla mugunta, kawai dai babu wadda zata ɗaga hannu a teburin tace kun manta da mu, ko akwai ta amma ita kaɗai ce kuma ta gaji da magana. Masu cewa ai yanzu ƙirƙirarriyar basira, wato AI, na rubuta manhaja da kanta to meye na wahalar koyo, su sake karanta labarin Amazon ɗin nan. Na'urar na kwaikwayon abin da aka ɗura mata ne, dole sai da wanda ya san kan abin da zai duba yace nan ta yi shirme.

Kar kuma a ɗauka ina cewa a raba laftop kawai shikenan. An gwada. Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare laftop sama da 800,000 ƙarƙashin shirin nan na kowane yaro da nasa, da aka zo aka auna a 2012 yaran sun iya sarrafa na'urar amma makinsu a lissafi da karatu bai motsa ba. Na'ura ba tare da malamin da ya san abin da yake yi ba, kwalliya ce. Ni abin da nake nema bai kai wannan tsada ba ma. Kuɗin da ake kashewa a riguna da allon talla da hayar zauren biki da mai hoto, a ɗauka a buɗe ɗaki ɗaya mai kwamfuta goma da wuta da intanet, ya zama a buɗe yake duk sati har shekara, a ware awannin da 'yan mata kaɗai ne a ciki dan kar maza su mamaye kujerun su bar su da leƙe ta kafaɗa, a samu mace ɗaya da ta iya a biya ta albashi ta zauna. Yarinya talatin da suka yi shekara suna zuwa sun fi min dubu uku da suka yi sati biyu. Matsalar dai talatin bata da daɗin rubutawa a rahoton da za'a tura wa masu bada tallafi, dubu uku ita ke da daɗi, kuma inaga nan ne gizo ke saƙar.

Duk ranar Alhamis ta huɗu a watan Afrilu akwai ranar 'yan mata a fasahar sadarwa da ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ware, ga kuma 11 ga Fabrairu ta mata a kimiyya. Ba laifi, a yi. Ni dai tambayata ranar Juma'ar da ke biye ɗakin a buɗe yake ko a kulle.

Akwai maganar iyaye, kuma bana son a mayar dasu kamar wasu jahilai masu hana ci gaba. Uban da ke tsoron ba 'yarsa waya ba mahaukaci bane, ya san abin da ke cikin intanet, ya san akwai masu bin yara mata da saƙo, masu karɓar hoto su dawo suna barazana dashi, masu zagin mace dan kawai ta buɗe baki. Tsoron gaskiya ne. Inda muka rabu dashi shine maganin. Ƙwace wayar baya hana ta hawa, zata ara a wajen ƙawa ta hau a ɓoye, ranar da abu ya faru kuma ba zata iya faɗa wa kowa ba dan dama an hana ta. Wadda aka zaunar aka koya mata yadda ake kalmar sirri mai ƙarfi, yadda ake kulle akawun da mataki biyu, yadda ake gane linkin yaudara, yadda ake toshe mutum a ajiye shaida a kai ƙara, ita ce ta fi tsira, har ta dawo tana duba wa uban nasa akawun ɗin. Shi yasa duk shirin da bai fara da zama da iyaye ba, ya nuna musu ɗakin da malamar da abin da za'a koya, ina ganin ya gina ne akan yashi. Sau nawa uwa ta zo min da fuska a ɗaure ta tafi tana tambaya ko akwai ajin manya.

Wani abu kuma da ba'a son faɗa a wajen bikin, in yarinyar ta jure duk wannan ta iya ta samu aiki, me zata tarar? In ofis ɗin da zata shiga ita kaɗai ce mace cikin ashirin, ta kawo shawara a share wani ya maimaita a tafa masa, in baƙo ya shigo ya ɗauka ita ce mai karɓar baƙi, ta haihu ta dawo ta tarar an ba wani aikinta, to zata tafi, kuma da yawa suna tafiya. Ana ta ɗura ruwa a tulu ba'a duba gindinsa ba. Wannan gyaran ba na yarinya 'yar shekara 14 bane, na masu kamfani ne da manajoji, kuma ya fi raba satifiket wuya shi yasa ba'a cika ɗaukar hotonsa ba.

Ni kaina ban tsira daga abin da nake zargi ba. Watan jiya wata ɗalibata, shiru shiru ce bata cika magana ba, ta zo tana rawar murya tace malama na kashe kwamfuta ta huɗu. Ashe wani abu ta karanta ta shiga inda ba'a shiga ta goge fayil ɗin da na'urar ke tashi dashi, baƙin sikirin kawai da ɗan rubutu a sama. Wallahi bakina har ya buɗe zan ce wa ya aike ki, kalmar da na tsana, ita ce ta fara zuwa min. Na haɗiye. Hannuna kuma na ƙaiƙayi dan minti ashirin ya ishe ni in gyara. Nace to ai ke kika kashe, ke zaki tayar, ga filas ga waccan kwamfutar ki bincika, ni ina da aiki. Ranar farko kuka ta yi. Ranar biyu ta zo da takarda cike da abin da ta kwafo, rabi ba daidai ba, na nuna mata layi ɗaya kawai na wuce. Ranar uku ina can gaban allo naji ƙawayenta sun yi ihu, kwamfutar ta tashi.

Sauti dai har yau bai dawo ba, ko me ta taɓa oho. Na ce ta kawo in duba tace a'a in bar mata zuwa sati mai zuwa.